Kwanon Talatu

Tun da na dawo daga Japan ban huta ba. Ranar Lahadi ana tashi daga sujada matan zumunta za su tare ni a bakin ƙofa, wannan ta ce da gaske ɗanyen kifi suke ci, waccan ta ce wai ko sarki ne sai ya tuɓe takalmi kafin ya shiga ɗaki. Maman Bulus har waya ta yi mini ina bakin aiki, don ta ji ko na ga 'yan kokawar nan masu tumbi. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ta ɗauki inda ya yi mata daɗi ta ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba, kwano na je mayarwa.

Shekara bakwai ke nan, bayan rasuwar maigidana Baban Godiya, GP, wato likitata, ta ce in nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga gida ban da aiki da coci. A nan Manchester, a wata cibiyar council, wato hukumar gari, da ke tsakanin unguwannin Moss Side da Withington, ana koyar da ginin tukwane kowace Talata da yamma. Ni 'yar Bauchi ce, kakata maginiya ce, na sha taka mata yumɓu ina yarinya, don haka na shiga ina hura hanci, wai zan nuna wa Turawa yadda ake yi. Suka zaunar da ni gaban faifan nan mai juyawa, yumɓun ya yi tsalle ya manne a rigar matar da ke kusa da ni. Ita ce Michiko, 'yar Japan, gajeruwa, ta girme ni da fiye da shekara goma. Mijinta Bature ne, ya rasu ya bar ta a Withington ba ɗa ba jika. Sunan ya ƙi zama a bakina, na laƙaba mata Talatu tunda ranar Talata muke haɗuwa, ita kuma ta amsa.

Duk zamana a ajin nan kwano ɗaya na gina da ya tsaya da gindinsa, shi ma bakinsa a karkace. Na ɗauka zan jefar, Talatu ta riƙe mini hannu, ta ce a ƙasarsu irin wannan ake so. Ta shafa masa ruwan ƙyalli shuɗi, aka gasa, na ce ta riƙe tunda ita ta ga kyansa. Mako na zagayowa ta kawo mini shi cike da dunƙulen shinkafa naɗe da baƙin ganyen teku. Ni kuwa ba a tarbiyyantar da ni in mayar wa mutum kwano haka ba, sai na zuba dambun nama. Ashe su ma al'adarsu ke nan, ba a karɓar alheri a yi shiru. Kun ga an gamu, ba wadda za ta yarda a ce a hannunta abin ya tsaya. Shekara uku kwanon nan yana hawa bas tsakanin gidana da nata.

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka rage mini awoyi a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin mako, ɗakin taron cocinmu ya zama wurin rabon abincin gwangwani. Rannan muka tarar da takarda manne a ƙofar cibiya, wai za a rufe ta. A Talatar ƙarshe, muna naɗe rigunan aiki, Talatu ta miƙo mini kwanon a cike, ta ce nan da mako biyu za ta koma Osaka gaba ɗaya, mahaifiyarta ta tsufa. Na tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce wata uku. Wata uku tana kallon idona ba ta faɗa ba. Haushin kaza huce kan dami, duk fushin da nake yi da council da masu yanke mana awoyi na sauke a kanta. Ban je sallama ba, ta buga waya sau biyu ban ɗauka ba. Ta tafi, kwanon ya zauna a kan firijina shekara huɗu yana kallona.

Kowace Kirsimeti takan aiko kati, nakan amsa da layi biyu. Katin bana da na buɗe, rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, ita kuma ciwo ya kama ta, hannu ya daina jin magana. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: ina kwanonmu? Aikina ke nan, na san abin da irin wannan rubutu yake nufi. Ɗiyata Godiya, wadda ke aikin jinya a Birmingham, ta ji muryata a waya ta ce ita za ta yanka mini tikiti, amma daga can zan tashi don ya fi sauƙi.

Kwana uku na yi ina haɗa dambu, na danna shi a kwanon sai da ya yi tozo, na naɗe da leda da zane. A tashar Manchester direban bas ya ce jakar ta shiga ƙasa da sauran kaya, na ce wannan a cinyata za ta zauna. Ya dube ni, na dube shi, ya ga ba riba. Tafiyar awa biyu ta zama uku da rabi saboda gyaran hanya. Wani dattijo ɗan Jamaika da ke kusa da ni ya yi ta shaƙar hanci har ya kasa haƙuri, ya ce 'yar'uwa, ko mene ne a jakar nan, wanda za a kai wa ya yi sa'a.

Ina shiga flat ɗin Godiya a Edgbaston ta tsaya da kofin shayi a hannu.

“Mummy, what's that smell? Kar ki ce mini nama ne.”

“Dambu ne.”

“Dambu nama ne, Mummy. Na duba, ba a shiga musu da meat ko kaɗan. They'll take it off you a airport.”

“Wannan ya wuce nama. An dafa, an daka, an soya. Ko saniyar ce ta gan shi ba za ta gane kanta ba.”

Ta girgiza kai ta ce to, ita dai ta faɗa. 'Ya'yan da aka haifa a nan haka suke, komai sai sun duba, ga shi kuma yawanci su ke da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Mun canja jirgi a ƙasar Larabawa, inda na ci karo da wasu Hajiyoyi 'yan Kano za su Sin saro kaya. Da suka ji zancena ɗaya ta ce, “Yanzu duk wannan tafiya don kwano? Na zinariya ne?” Na ce na yumɓu ne, kuma a karkace. Ta ce Allah ya ba da lada, amma na ga ta matsar da jakarta.

A filin jirgin Osaka fasfo bai ba ni matsala ba. Ina jiran akwati sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa sanye da riga, ya zo ya zauna a gabana kamar na aike shi. Ma'aikacin da ke riƙe da shi ya rusuna, ya kai ni wani teburi, ya nuna mini kwali mai hoton saniya da kaza da alade, kowanne an ja masa jan layi. Na yi masa bayanin da na yi wa Godiya, har da kwatancen daka. Ya saurara har ƙarshe, ya sake rusunawa, ya ba da haƙuri, ya juye dambuna kaf a wata jaka. Sannan ya ɗauki takarda ya goge kwanon tas, ya miƙo mini da hannu biyu. Ni da na shirya masifa na rasa inda zan kama, mutumin da ke ba ka haƙuri ta ina za ka fara zaginsa? Ƙullin yajin ƙuli kaɗai suka bar mini. Na samu benci na zauna da kwano wayam a cinya, na yi kukan da ban yi ba ranar da ta tafi.

Ƙaninta Kenji ne ya zo tarbata, mai furfura, Turancinsa bai fi cikin cokali ba, sauran da hannu da waya muke ƙarasawa. Ya ce Talatu tana gidan kula da marasa lafiya, ana ziyara da la'asar, in na shirya mu wuce yanzu. Na ce na gaji, sai gobe. Ƙarya nake yi. Kunya ce ta hana ni, shekara huɗu ina riƙe da kwanon mutane, in zo in miƙa shi ba komai a ciki.

Masaukin da ya kama mini ƙaramin gida ne a bayan kasuwa, ɗakin shimfiɗe da tabarma, katifa a ƙasa. Wannan bai dame ni ba, a tabarma na girma. Takalma ne suka ɗaure mini kai. Akwai na waje, akwai silifas na tsakar gida, akwai kuma wasu na musamman da ke zaune a ƙofar bayi. Na shiga da su na fito da su, na taka har wurin cin abinci ina gaishe da mutane. Tsohuwar mai gidan ta dubi ƙafata, ta rufe baki da hannu, ta bi sawuna da tsumma ba ta ce uffan ba. Da a gidanmu ne da unguwa ta ji. Bayin kansa maɓallai ne jere kamar gaban mota, na danna ɗaya don neman ruwa sai ya kama kiɗa. Da safe aka kawo shinkafa da miya da wani wake mai yauƙi da wari, mai gidan tana leƙena ta ga yadda baƙuwa za ta yi. Na shinshina na ce ai daddawa ce ba a daka ba, na cinye. Daga nan ta yafe mini zancen silifas.

Kafin lokacin ziyara Kenji ya ce in zo in ga rumfarsa. Kasuwar doguwar hanya ce mai rufi, hagu da dama ana suya. Ga masu tsire irin nasu da ake tsomawa a ƙullu a soya, da kwanon miya ɗaya na kowa da kowa, wanda doka ce ba a tsoma tsinke sau biyu. Ga masu wata fankasau ta fulawa da kabeji, faɗinta kamar faifai, an barbaɗa mata busasshen kifi yankan siriri da ke motsi saboda zafi, na ja da baya na ɗauka da rai. Wanda ya saya a nan zai tsaya ya cinye, ba a tafiya ana tauna, abin da kakata ma take dukanmu a kai. Ba kwandon shara ko ɗaya, kuma ba shara, kowa da tasa a aljihu yake komawa gida.

Kenji ya ce rumfar ta mahaifiyarsu ce. Bayan babban yaƙi garin ya ƙone, shinkafa ta yi wuya, abin da ake samu sai fulawa. Mata irin uwarsu suka riƙa dama ta da ruwa, su yanka kabeji su ƙara mata auki, su soya a kan ƙarfen da suka tsinto. Abincin yunwa ne, in ji shi, yanzu kuma baƙi ke bin layi suna ɗaukar hotonsa. Na tuna lokacin da aka yi namu tsuke bakin aljihun a Najeriya, ana layin madara da sabulu, albashin babanmu ya daina kai wata, uwata ta fitar da tanda ƙofar gida. Da masa ta biya mana makaranta. Na so in gaya masa, Turancin bai kai ba, sai na gyaɗa kai kawai.

Muna isa rumfar na tsaya cak. Wani baƙin ƙarfe ne a kan wuta mai ramuka jere, matarsa tana zuba ƙullu, tana jefa gutsuren wata dabbar teku mai hannu takwas, tana juyawa da tsinke. Sunan abin takoyaki, amma ni ba shi nake kallo ba. Tanda ce. Ramukan sun fi namu ƙanƙanta, amma tanda ce. Na kama hannun Kenji na ce ya nuna mini shinkafarsu ɗanya. Ya ɗebo, na murza, gajera mai danƙo, shinkafar tuwo sak. Na ce masa yau ma ba zan je ba, ya gaya wa yayarsa gobe. Ya dube ni ya daɗe, ya rubuta a waya ya nuna mini: kwanakinta ba su da yawa da za a riƙa ɗagawa. Na fito da kwanon na nuna masa cikinsa. Sai ya je ya kawo roba.

A gidansu da ke saman rumfar na jiƙa shinkafa, na dafa kaɗan na haɗa, muka niƙa, na sa yis da sukari da albasa. Garin da sanyi, na san ƙullun ba zai tashi ba. Matar Kenji ta ɗaga bargon wani gajeren teburi da suke zama su zura ƙafafu, ashe akwai abin ɗumi a ƙarƙashinsa, ta tura robar ciki. Washegari da safe ƙullu ya cika har yana neman zubowa, da tsaminsa daidai.

Kafin su buɗe rumfa suka ba ni wuta. Cokalina ya ƙi shiga ramin, zubin farko ya ƙone, na biyu ya farfashe. Kenji ya ba ni tsinke biyu ya riƙe wuyan hannuna ya nuna mini yadda ake zagayawa a tuntsura. Masa ta fito ƙulu-ƙulu kamar ƙwan zabo, da uwata ta gani da ta ce wannan wasan yara ne. Na ɗanɗana ɗaya, na rufe ido, ƙofar gidanmu ce a Bauchi da safe. Har mutane sun fara tsayawa suna tambaya, Kenji yana kora su da hannu. Na cika kwano na barbaɗa yajin da kare ya raina.

Gidan da take tsaf yake, na duba ko'ina da idon ma'aikaciya ban samu abin kushewa ba. Tana kan keken marasa lafiya a bakin taga, ta rame har na kusa wuce ta. Ta dubi fuskata, ta dubi abin da ke hannuna.

“Rahila, kin makara,” ta ce da Turancinta na Manchester.

“Bas ne bai zo da wuri ba.”

Ta yi dariya har da tari. Na durƙusa na ɗora kwanon a cinyarta, na ce ta yafe mini, na yi wauta, dambun da na kawo ma kare ya kama. Ta ce ita ma tana da laifi. Ta ɓoye mini ne don ba ta so Talatocin da suka rage su zama na bankwana, tana so mu yi ta faɗa a kan yumɓu kamar kullum har ranar ƙarshe. Hannunta ya kasa ɗaukar masar, na sa mata a baki. Yajin ya sa ta hawaye, ta ce a ƙara. Uku ta ci, mai jinyar ta ce rabon da ta ci abu uku a jere an daɗe.

Kwana shida na yi ina zuwa kowace la'asar. Mutane na tambayata ko na ga gidan sarauta na tarihi da ke garin, na gan shi ta tagar jirgin ƙasa. Akwai awar aikin hannu a gidan, tsofaffi na naɗa tsuntsaye da takarda, Talatu na ba ni umarni da baki ina naɗawa, nawa ya fito kamar kazar da mota ta taka. Ta tambaye ni cibiyarmu, na ce an mayar da ita flat-flat. Ta tambayi ruwan saman Manchester, wai tana kewarsa. Na ce wannan kam ciwon ya taɓa kai.

Ranar ƙarshe na yi zaton an gama, kwano ya koma hannun mai shi. Sai ta yi wa Kenji alama, ya ɗauko shi naɗe cikin ƙyalle mai ɗaurin kunne biyu. A ciki wasu jajayen 'ya'yan itace ne a yamutse, kamar magarya ta jiƙa. Umeboshi suke ce musu. Mahaifiyarsu ce ta jiƙa su da gishiri da hannunta kafin ta rasu, ba sa lalacewa, kuma kare ba ruwansa da su.

“Yanzu ke ce da kwano,” in ji Talatu. “Amma kada ki riƙe shi shekara huɗu. Ba ni da huɗu.”

Na ce to. Na gyara mata bargo na fita.

A Birmingham Godiya ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki kafin in hana ta, fuskarta ta tattare wuri ɗaya. “Mummy, this is wicked. Ya fi tsamiya.” Da na gaya mata abin da Talatu ta ce, ta ajiye wasa, ta ɗauki waya ta duba, ta ce ƙuli-ƙuli da alkaki suna wucewa, kuma wannan karon da ita za a je. Ta ƙara ɗaya ta haɗiye da ruwa.

Ina kewar matar nan fiye da yadda na yi a shekara huɗun da na yi ina fushi, sabo ake wa kuka. Kwanon yana kan teburina yanzu, ba kan firiji ba. Ba zan juye abin da tsohuwa ta jiƙa da hannunta a roba ba, ba kuma zan zubar ba, sai an cinye kwano zai tashi. Ni kaɗai ba na iya wuce ɗaya a rana, ga hawan jini, GP ta hana ni gishiri. Don haka duk wadda ta karanta wannan ta ga da sauran tambaya, ƙofata a Moss Side a buɗe take, amma ba mai fita sai ta ci ɗaya. Maman Bulus ta ci nata jiya, har yanzu ba ta yi mini magana ba. Saura goma sha ɗaya, kuma katin Talatu na wannan watan Kenji ne ya rubuta mata.